Salansar Kasuwa da Jadawalin Mai: Nazarin Wani GSX-R750 a Kano

## Mai babur da baburinsa

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan kasuwa ne a Kano, shekarunsa talatin da 'yan kai, yana sayar da kayan waya. A watan Satumban 2023 ya sayi Suzuki GSX-R750 ƙirar 2008, na hannu, wanda aka shigo da shi daga Turai aka hauro da shi daga Legas. Malejinsa na nuna kilomita 31,000 da ɗoriya. Kafin wannan, duk hawansa bai wuce ƙananan babura masu kafireta ba, irin waɗanda bakanike ke saita wa silo da sukundireba ɗaya yana hira da maƙwabcinsa.

Wannan kuwa wata halitta ce daban. Silinda huɗu ne a jere, girman injin sisi 750, kuma jan layin agogonsa, wato iyakar juyin inji, yana wajen juyi 15,000 a minti. Injekta takwas gare shi, wato nozul masu fesa mai, biyu ga kowace silinda: na ƙasa suna aiki kullum, na sama kuma sai inji ya hau juyi mai yawa an buɗe totur sosai suke shigowa. Kwamfutar inji, wadda makanikai ke kira birenbos, ita ke yanke yawan man da za a fesa. Ba ta auna iskar da ta shiga kai tsaye. Tana duba buɗin totur, da juyin inji, da matsin iska a maƙogwaron inji, da zafin ruwa da na iska, sannan ta leƙa jadawalin da aka rubuta mata tun daga masana'anta, ta buɗe injekta na tsawon lokacin da jadawalin ya faɗa. Shi kuma jadawalin, a kan salansar asali da matatar iska ta asali aka rubuta shi.

Salansar asalin tana ɗauke da abubuwa uku da ba a gani daga waje. Akwai wani bawul da Suzuki ke kira SET, wanda wata 'yar mota ta lantarki ke ja da waya: yana tsuke hanyar hayaƙi a ƙaramin juyi don babur ya yi ƙarfi daga ƙasa, ya buɗe idan an hau sama. Akwai saƙar zumar nan mai tace hayaƙi, wadda 'yan gareji ke ce wa indomi. Sannan akwai sensar iskar oksijin, wadda ke shinshinar hayaƙi tana gaya wa kwamfuta ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan.

A watanni biyun farko babur bai nuna wani ciwo ba. Lita ɗaya tana kai shi kilomita 16 idan ya fita bayan gari. Fankar lagireto tana tashi a digiri 105 kamar yadda aka tsara ta. Sau ɗaya tak, a ƙarshen Oktoba, ya ba shi wuta ya wuce juyi 11,000, sai ya ji ya ɗan yi tuntuɓe kamar wanda aka riƙe wa riga. Bai ɗauke shi a bakin komai ba, don ba kasafai yake kaiwa can ba.

## Nuwamba: sabuwar salansa

Abin da ya dame shi shi ne murya. A cikin abokan hawansa, nasa ne ya fi kowanne ladabi. Sai ya yi odar salansa cikakkiya daga ƙasar waje, tun daga bututu huɗun da ke fitowa daga kan silinda har zuwa gwangwanin baya, ta bakin ƙarfe, mai araha, ba ta da wani suna da aka sani. An ɗaura ta cikin yini ɗaya a garejin unguwa.

Sabuwar ba ta da wurin bawul, ba ta da indomi, ba ta kuma da ramin da za a ɗaura sensa. Bakaniken ya kwance wayoyin bawul ya bar 'yar motar a maƙale, ya cire soket ɗin sensa ya naɗe shi da salatif. Gaskit huɗun bakin silinda, tsofaffin ya mayar. Tsohuwar salansar kuma mai babur ya bar wa yaran garejin, kafin sati ya zagayo an fasa ta an sayar wa masu sayen indomi. Daga baya wannan kyautar ta zama ita ce ta toshe hanyar komawa baya.

A ranar aka ga abu uku. Alamar FI, wadda kwamfuta ke nunawa idan ta ga matsala, ta bayyana a agogo, jar fitila ta kama ta ƙi mutuwa. Duk sanda ya saki totur, salansa sai ta dinga harbi kamar bindigar dawakan salla. Tsakanin juyi 4,000 da 6,000 kuma, inda yake yawan tafiya a cikin gari, babur ya yi sanyi, sai ya sauke giya kafin ya wuce adaidaita sahu. Amma murya ta fito, tun daga kwanar layi ake sanin ya dawo.

## Disamba: filogi, wankin nozul da salatif

Bakaniken da ya ɗaura salansar ya fara da abin da ya saba. Ya canza filogi huɗu. Harbi bai ragu ba. Ya kwance injekta na ƙasa ya wanke su da feshi, ya mayar. Nan ma shiru. Game da fitila, cewa ya yi: "Oga, ai tunda yana tashi yana tafiya, wutar nan ba komai ba ce." Ya yanko baƙin salatif ya liƙe ta.

A tsakiyar watan tuntuɓen nan na Oktoba ya dawo, ya kuma sauko ƙasa. Yanzu daga juyi 10,000 yake farawa. Da yake sabon abin da ya shiga babur salansa ce, kowa a kanta ya ɗora laifin. Abokan hawa suka haɗu a kan magana ɗaya: salansa ta buɗe, iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, sai an ƙara mai.

A wannan tsakanin hazo ya sauka. Layukan gidajen mai suna tsawo, shi kuma ba mai son layi ba ne, don haka ya riƙa sayen galan a hannun 'yan bumburutu a bakin titi, ana zuba masa da mazurari da ɗan ƙyalle.

## Janairu zuwa Maris: akwati da jadawalin intanet

Hanya biyu ake bi a sauya yawan mai a irin wannan babur. Ko dai a shiga cikin kwamfutar kanta a sake rubuta jadawalinta, ko a haɗa wani ƙaramin akwati tsakaninta da injekta, ya riƙa tare umarninta yana ƙarawa ko ragewa da kashi kaza cikin ɗari. Power Commander na kamfanin Dynojet shi ne ya fi shahara a wannan rukuni na biyu. Mutumin namu akwati ya saya, na hannu, daga wani mahayi a Abuja, aka ɗaura a mako na biyu na Janairu.

Akwatin sai an zuba masa jadawalin da ya dace da babur. Wani abokinsa mai laftof ya sauko da ɗaya daga intanet, wanda aka yi wa babur irin nasa amma mai wata salansa daban da matatar iska ta tsere. Jadawalin yana ƙara mai kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari a tsakiyar juyi.

Makon farko ya ji daɗi. Harbin ya ɗan ragu, totur ya yi laushi. Tuntuɓen sama kuwa yana nan daram. Sai suka koma kan laftof a Fabrairu, suka zaɓi duk gidajen jadawalin da ke sama da juyi 8,000 suka ƙara kashi 10. Bai canza ba. A farkon Maris suka ƙara wani 5, wannan karon a kan jadawalin gaba ɗaya, har da silo.

Ga yadda babur ya koma a ƙarshen Maris, cikin azumi. Lita ɗaya kilomita 11 take kai shi, wato tankinsa mai lita 17 ba ya kaiwa kilomita 190, ga shi tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowace lita da zafinta take fita daga aljihu. Bakin salansa ya yi baƙi ƙirin, idan ka sa yatsa sai ya fito da kunkunniya. Da safe sai an daɗe ana murza shi kafin ya kama. Rigarsa tana warin fetur idan ya isa shago. Tuntuɓen kuma ya sauko juyi 9,000.

Ga kuma maganar unguwa. Wani dattijo maƙwabcinsa ya tare shi bayan sallar asuba ya ce: "Ɗana, ba mu hana ka hawan abinka ba, amma jikokina ba sa barci." Tun daga ranar yake kashe shi a bakin layi ya turo shi gida, babur mai nauyin kusan kilo 200.

## Afrilu: awo

Bayan ƙaramar salla aka haɗa shi da wani tsohon bakanike da ya daɗe yana aikin motoci masu injekta kafin ya koma kan manyan babura. Tambayarsa ta farko ita ce wace lamba fitilar ke bayarwa. Mai babur ya ce, "Baba, wace lamba kuma?" Dattijon ya ɓare salatif ɗin, ya ɗaga kujera, ya haɗa wayoyi biyu na soket ɗin bincike, sai agogo ya fara nuna lambobi: C44 da C46. Ta farko ta sensar oksijin ce, ta biyu ta 'yar motar bawul. Wata biyar kwamfutar tana faɗin abin da ke damunta a ƙarƙashin salatif.

Bai taɓa laftof ba a ranar. Ya sa aka bar inji ya huce, ya tayar da shi, yaronsa ya danne bakin salansa da tsumma, shi kuma ya bi bakin silinda da ruwan omo a gora. Silinda ta biyu da ta uku suka yi ta tumfafiya. A mahaɗar bututun ma sifirin ɗaya ya ɓace, an ga zanen baƙin hayaƙi a gefen. Hayaƙi ba a miƙe yake fita ba, bugu-bugu yake yi, kuma bayan kowane bugu akwai ɗan zuƙo. A wannan zuƙon ne iska ke shiga ta inda ke yoyo, ta tarar da ragowar man da bai ƙone ba a cikin bututu mai zafi, ya kama da wuta. Shi ne harbin. Akwai kuma wata hanyar iskar da masana'anta da kanta ta yi, mai suna PAIR, wadda ke tura iska cikin hayaƙi don ƙone ragowar mai. Da salansar asali ba a jin aikinta, amma buɗaɗɗiyar salansa ba ta rufa mata asiri.

Matatar iska ta yi ja da ƙurar hunturu, da ya buga ta a ƙasa sai da gari ya tashi. Baƙin mai ya haura alamarsa, yana warin fetur, alamar man da ya yi yawa yana wanke jikin silinda yana gangarawa ƙasa.

Daga nan ya koma kan famfon mai, kuma a nan ya fi daɗewa. Matsin da ake so a wannan babur kilofaskal 300 ne. Ya ɗaura geji, a silo allura ta tsaya daidai a kan 300. Mai babur ya ce ke nan famfo lafiya lau. Dattijon ya ce, "Samari, famfon gidanku ma idan an rufe shi ai da ƙarfi yake. Buɗe shi ka ga ko zai cika bokiti." Ya zare tiyo ya sa a kwalba mai awo, ya kunna famfo daƙiƙa goma. Abin da ya taru bai fi rabin mafi ƙarancin adadin da littafin gyaran babur ya gindaya da komai ba. Da aka fito da famfon daga tanki, ragar da ke gindinsa ta toshe da wani jan laka, matatar cikin gidansa ma haka, a ƙasan tankin kuma ga tsatsa ga ɗigon ruwa.

Wannan ya bayyana tuntuɓen. A ƙaramin juyi inji ba ya shan mai da yawa, ɗan abin da ke ratsa toshewar yana isar sa. Idan aka buɗe totur a juyi 10,000, injekta takwas suna nema a lokaci guda, matsi ya faɗi, kowacce ta fesa ƙasa da abin da ake zato. Akwatin da suka yi ta ƙara wa lamba, iyakarsa ya tsawaita lokacin buɗe injekta, ba shi da ikon kawo man da bai iso ba. Ƙarin da bai yi aiki a sama ba kuwa, a ƙasa ya yi aiki har ya wuce gona da iri.

An yi aikin cikin kwana tara, yawancinsu na jiran kaya ne: wankin tanki, sabuwar raga da matata, gaskit huɗu sababbi, sifirin, baƙin mai da matatarsa, da matatar iska irin ta asali. Mai babur ya so ta tsere, dattijon ya hana, ya ce ba a ƙurar Kano ba. Mai walda ya huda mahaɗar bututun ya yi ramuka biyu masu zare, a karkace suna kallon sama don raɓar hayaƙi kada ta kwanta a kan sensa. Ɗaya aka mayar da sensar asali, C44 ta ɓace. Aka sa wani ɗan soket mai kwaikwayon 'yar motar bawul, C46 ta bi ta. Aka toshe tiyon PAIR aka bar soket ɗinsa a haɗe don kada wata lambar ta fito. A bakin gwangwanin baya kuma aka ɗaura toshiyar rage ƙara, kuma da gangan aka ɗaura ta kafin awo, don ita ma tana sauya yadda hayaƙi ke fita.

## Mayu: jadawali na gaskiya

Ramin na biyu na sensa mai faɗin awo ne. Bambancinta da ta asali babba ne. Ta asali abu ɗaya ta sani: ko an haura ko an gaza ma'aunin 14.7, wato awon iska 14.7 ga awon fetur ɗaya, inda mai ke ƙonewa ƙurmus ba ragowa. Wutarta tana tsalle ne tsakanin kusan bolt 0.1 da 0.9, ba ta faɗin nisan da aka yi. Mai faɗin awo kuwa lamba take bayarwa: 11.6, 13.2, 15.4. Idan lambar ta yi ƙasa mai ya yi yawa, idan ta yi sama mai ya yi kaɗan. Inji yana ba da ƙarfinsa mafi kyau a wajen 12.5 zuwa 13.2.

Don a ga abin da aka baro, dattijon ya fara gwadawa da tsohon jadawalin. Da ɗan buɗe totur a tsakiyar juyi, agogon awo ya nuna 11.5 zuwa 11.8. Sai ya goge komai ya mayar da kowane gida sifili, wato babur yana tafiya a kan jadawalin masana'anta zalla. Tuntuɓen sama ya tafi tun kafin a ƙara ko ɗigo ɗaya. Harbi ya koma ɗan gunaguni jefi-jefi.

Sun fita asuba uku, a wani miƙaƙƙen titi a bayan gari kafin motoci su fito, laftof a jakar baya yana rubuta lambobi. A tafiyar lumana da ƙaramin totur, kwamfuta da sensarta suna riƙe da 14.7, sai aka bar waɗannan gidajen a sifili. Da an ƙara a nan, kwamfuta za ta yi ta ragewa ne, su biyun su yi ta ja-in-ja. Tsakanin juyi 4,000 da 7,000, da rabin totur zuwa sama, awo ya nuna 13.8 zuwa 14.2, aka ƙara kashi 3 zuwa 6. A wani ɗan lungu kusa da juyi 6,000 kuma sai aka tarar mai ya yi yawa, aka rage kashi 2. Sama da juyi 10,000 sau biyu kawai aka leƙa, a giya ta ɗaya, don ko a nan gudun ya riga ya wuce abin da hankali zai ɗauka a titin jama'a. Lambar tana kusa da 13, aka bar ta. Dama akwatin nasa injekta huɗun ƙasa kaɗai yake iya taɓawa. Lokacin tartsatsin filogi ma ba a taɓa ba, dattijon ya ce wanda ba shi da tabbacin irin man da zai sha gobe ba ya matsa wa wuta gaba.

An cire sensar awo aka toshe raminta da noti.

## Agusta: inda aka tsaya

Bayan wata uku da kilomita wajen 2,500, lita ɗaya tana kai shi kilomita 15. Yana tashi da murzawa ɗaya. Filogi sun fito ruwan ƙasa-ƙasa, baƙin mai yana kan alamarsa, fitilar FI a mace. Ƙarar ta ragu har ya daina turo shi daga bakin layi, ko da yake bayan isha'i a hankali yake shigowa. Ƙasa da juyi 6,000 har yanzu bai kai ƙarfin da yake da shi da salansar asali ba. Ba a ɗora shi a kan injin awon ƙarfi ba, don haka babu wata lambar ƙarin ƙarfin inji da aka rubuta. Ya daina sayen man galan.

## Hukunci

Ciwo huɗu ne suka haɗu aka kira su da suna ɗaya. Fitila ta fito ne daga sassan da aka cire. Harbi daga yoyon gaskit da iskar PAIR yake. Sanyin tsakiya na rashin bawul ne, da ɗan ƙarancin mai. Tuntuɓen sama kuwa, wanda ya fi cin kuɗi da lokaci, ba ruwansa da salansa: ya riga ta zuwa da wata guda, man galan ya ƙara masa ƙarfi. Zuwansa kusa da sauyin salansa ne ya sa kowa ya kalli wuri ɗaya.

Abokan da suka ce buɗaɗɗiyar salansa tana son ƙarin mai ba ƙarya suka yi ba. Tana so, amma kashi 3 zuwa 6 ne a wani yanki na jadawali, ba 15 a ko'ina ba, har ma akwai inda ragi take so. Akwatin ma bai yi laifi ba, abin da aka ce ya yi shi ya yi. Aikin dattijon ya ci ne saboda jerin da ya bi: ya karanta lambobi, ya toshe yoyo, ya tabbatar mai da iska suna isowa, ya auna, sai a ƙarshe ya taɓa jadawali. Da ya ɗaura sensar awo tun ranar farko a kan bututu mai yoyo, iskar da ke kutsowa za ta sa ta nuna ƙarancin mai na ƙarya, shi ma ya faɗa ramin da masu laftof suka faɗa.

A ganina cinikin bai biya ba. Abin da ya samu murya ce da ragin nauyi. Abin da ya bayar ya haɗa da ƙarfin ƙasa a daidai juyin da yake rayuwa a cikinsa kullum, da kilomita ɗaya a kowace lita, da wata shida na wahala, da indomin da ke tace hayaƙin da yaran layinsu ke shaƙa. Da gwangwanin baya kaɗai ya canza ya bar bawul da sensa a wurinsu, da ya samu yawancin muryar da yake so ba tare da fitila ta kama ba, kuma da tuntuɓen ya tsaya shi kaɗai a fili an gane shi tun Disamba. Shi ma ya fara tambayar masu shigo da kaya ko za a samu salansar asali ta hannu. Wadda aka nuna masa hotonta a waya, kuɗinta ya fi na wadda ya ɗaura.